Ɗan Zariya Da Ya Ci Abinci Da Ƙwallon Kwando

Jama'a, a cikin wannan darasi za mu karanta labarin wata sana'a wadda kakanninmu ba su san ta ba, watau wasan ƙwallon kwando. Yau akwai samari a nan Rijiyar Lemo, da Fagge, da Sabon Gari, waɗanda ba su da wani buri sai su zama 'yan wasa. Wani yaro zai ce da ubansa, “Baba, ka bar ni in bi ƙwallo, akwai kuɗi a ciki.” Uban kuwa ya rasa abin da zai ce masa, domin bai san yadda sana'ar take ba. In ya hana, yana tsoron ya toshe wa ɗansa hanyar arziki. In ya bari, yana tsoron yaron ya lalace.

To, domin mu san amsar da za mu ba 'ya'yanmu, bari mu duba rayuwar wani mutum da ya tashi a Zariya, ya bi wannan sana'a tun daga farkonta har ƙarshenta. Sunansa Masai Ujiri.

1. Mene Ne Ƙwallon Kwando?

Wani malamin makaranta, mutumin Kanada, mai suna James Naismith, shi ya ƙago wannan wasa cikin shekara ta 1891, a wani gari na Amurka da ake kira Springfield. A can ƙasar sanyin hunturu yana da tsanani, har ƙanƙara takan rufe ƙasa, yara ba su iya fita wasa waje. Sai malamin ya nemi wasan da za a yi a cikin ɗaki. Ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafe su a sama, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ya ce kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwando. Daga nan wasan ya samo sunansa.

Yanzu an daina amfani da kwandon saƙa. Zoben ƙarfe ake kafawa, a rataya masa raga marar gindi, don ƙwallo ta faɗo ƙasa. Daga ƙasa zuwa zoben ƙafa 10 ne, watau mita 3 da ɗan ɗoriya. Tsawon filin mita 28, fāɗinsa mita 15. Kun ga ke nan filin ƙwallon ƙafa guda zai ɗauki irinsa da yawa.

Mutum 5 ke wasa a kowane ɓangare. Da hannu ake yi, ba da ƙafa ba. Ba a yarda mutum ya rungumi ƙwallo ya yi ta gudu da ita ba, sai dai ya riƙa buga ta da ƙasa yana tafiya, ko ya jefa wa ɗan'uwansa. Wanda ya jefa ƙwallo cikin kwando daga kusa ya ci maki 2. In daga nesa ne, bayan wani layi da aka shata, maki 3. In an yi wa mutum laifi alƙalin wasa ya ba shi jifa ba mai tare shi, kowace jifa da ta shiga maki 1 ce. In lokaci ya cika, ɓangaren da ya fi maki shi ya ci.

Tun da kwandon yana sama, dogon mutum ya fi gajere samun sauƙi. Amma tsawo kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da sauri, da numfashi, da saitin hannu, da sanin inda abokin wasa yake ko ba a waiwaya ba.

2. Yaro A Zariya

An haifi Masai Ujiri ran 7 ga watan Yuli, 1970, a garin Bournemouth na ƙasar Ingila, lokacin da iyayensa suke karatu a can. Ubansa mutumin Nijeriya ne, daga ƙabilar Isoko ta Kudu. Uwarsa kuwa mutumiyar Kenya ce, likita. Yana ɗan ƙarami suka komo gida, suka zauna a Zariya, inda iyayen suka yi aikin asibiti. A Zariya ya yi wayo, a nan ya yi ƙuruciyarsa duka. Daga Kano zuwa can kamar mil 100 ne, tafiyar da da yawa daga cikinmu sun sha yi.

Da fari ƙwallon ƙafa yake bugawa, kamar sauran yaran gari. Sai da ya kai shekara 13 ya fara taɓa ƙwallon kwando, a filayen da ke waje, cikin rana da ƙura. A lokacin akwai wani Ba'amurke a Jami'ar Ahmadu Bello, mai suna Oliver Johnson, wanda ya shekara da shekaru yana koya wa samarin Zariya wannan wasa. A hannunsa Masai ya koya.

A zamanin nan ba a ganin wasannin Amurka a cikin waya kamar yau. Sai dai mujallu masu hotuna da kaset na bidiyo, in an dace wani ya zo da su. Yaron ya riƙa karanta mujallun nan, yana kallon kaset yana maimaitawa, har ya san sunayen 'yan wasa da yadda kowannensu yake motsi. Ku riƙe wannan hali nasa na lura, za mu komo kansa.

Akwai wani ɗan Nijeriya da ya riga shi, wanda ya sa samarin ƙasar nan suka ga abin mai yiwuwa ne. Shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, cikin 1963. Shi da ƙwallon hannu ya fara. Wasan kwando na gasa da ya soma yi a Sakkwato ne, wajen wani bikin wasanni na makarantun horon malamai. Cikin 1984, da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa a babbar gasar Amurka, shi aka fara ɗauka. Ya ci kofi sau biyu tare da ƙungiyar birnin Houston, a 1994 da 1995. Musulmi ne, an kuma san shi da yin wasa da azumi a bakinsa cikin watan Ramalana. Masai ya tashi yana son ya zama kamarsa.

3. Tafiya Amurka

Da ya zama saurayi, iyayensa suka yarda ya tafi Amurka, ya yi karatu, ya kuma yi wasa. Ya fara da wata makarantar sakandare a birnin Seattle, yana zaune a gidan wasu 'yan Nijeriya. Daga nan ya sami shiga wata kwaleji a garin Bismarck, cikin jihar Dakota ta Arewa. Wannan jiha tana cikin wurare mafi sanyi a Amurka. Ku dubi yaron da ya saba da zafin bazarar Zariya, ga shi inda ruwa kan daskare ya zama kamar dutse wata da watanni. Ya yi shekara 2 a nan yana karatu yana yi wa makarantar wasa. Tare da shi akwai wani abokinsa ɗan Nijeriya, Godwin Owinje.

A Amurka makaranta ita ce ƙofar wasa. Kwaleji takan ɗauki yaron da ya iya ƙwallo, ta ɗauke masa kuɗin karatu da na abinci da wurin kwana, shi kuma ya yi mata wasa. Amma in ya faɗi jarrabawa, sai a dakatar da shi daga wasan. Saboda haka yaron da ya watsar da littafi don ƙwallo, ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun bai isa bakinta ba.

Babbar gasar Amurka, wadda ake kira NBA, ita ce ta fi kowace kuɗi da suna a duniya. Ƙungiyoyi 30 ne a cikinta. Kowace tana riƙe da 'yan wasa kamar 15. In mun yi lissafi, 30 sau 15 ya ba mu 450. To, duk duniya, mutum kamar 450 ke nan. Kowace shekara kuwa sababbi kamar 60 ake zaɓa. Dubban samari daga Amurka, da Turai, da Afirka, da Asiya, duk wannan 'yar ƙofa suke nema.

Masai bai shiga ba. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 4. A kasuwar Sabon Gari da an ce da shi dogo, amma a cikin 'yan wasan can matsakaici ne, domin akwai masu ƙafa 7. Ya iya wasa, amma akwai ɗaruruwa da suka fi shi. Ba a zaɓe shi ba, bai kuma taɓa buga wasa ko ɗaya a wannan gasa ba.

4. Shekara Shida A Turai

Da ƙofar Amurka ta ƙi buɗuwa, sai ya nufi Turai, inda akwai ƙananan gasa da ake biyan 'yan wasa albashi. Ya yi wasa a Ingila, da Beljiyam, da wasu ƙasashen, har shekara 6. A nan ne ya ɗanɗani ainihin sana'ar, yadda mafi yawan masu yin ta suke ɗanɗana.

Bari mu bayyana yadda take. Ɗan wasa ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai zauna kan aiki har ya yi ritaya ya karɓi fansho. Yarjejeniya ake rubutawa tsakaninsa da ƙungiya, sau da yawa ta shekara ɗaya tak. In shekara ta ƙare, in an ga amfaninsa a sabunta, in ba a gani ba a sallame shi. Sai ya ɗauki jakarsa ya nemi wani gari, wani lokaci wata ƙasa, inda harshe dabam ne, abinci dabam. Ya yi kama da ɗan cin rani, sai dai shi raninsa ba ya ƙarewa.

Jikinsa shi ne jarinsa. Manomi in ya yi targaɗe, gonarsa tana nan, 'ya'yansa za su nome ta. Ɗan kasuwa in ya kwanta ciwo, yaronsa zai buɗe shago. Amma ɗan wasa in jijiyar gwiwarsa ta tsinke, gona da shago duk sun tafi rana ɗaya. Ko bai ji ciwo ba, shekaru ba su bari. Kaɗan ne ke wuce shekara 35 suna wasa. Da yawa tun kafin su kai 30 an sallame su. A lokacin da maƙeri ko tela yake ƙara gwanancewa, masu kawo masa aiki suna ƙaruwa, a lokacin ne ɗan wasa yake ajiye sana'arsa.

Haka ta faru ga Masai. Cikin 2002, yana da shekara 32, ya daina wasa. Bai yi suna ba, bai tara dukiya ba. Da a nan labarin ya tsaya, da ba wanda zai rubuta shi.

5. Aikin Da Ba Albashi

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Masai ya duba, ya ga ƙafafunsa sun gama nasu aiki, amma akwai abin da ya rage masa. Ya san wasan ciki da waje. Ya zagaya ƙasashen Turai, ya san masu horarwa da 'yan wasa a can. Ya san Afirka, ya san inda dogayen samari suke, waɗanda ba wanda ya taɓa zuwa ya dube su. Ga kuma halin nan nasa na lura tun yana yaro.

Manyan ƙungiyoyi suna da wasu ma'aikata, aikinsu shi ne yawo ƙasa ƙasa suna neman yaran da za su zama gwanaye. Aikin ya yi kama da na masanin dawaki. Kowa yana iya gane ingarman doki in ya gama girma. Amma gwani shi ne wanda zai dubi ɗan dukushi, ya duba ƙafafunsa da ƙirjinsa da tafiyarsa, ya ce wannan nan da shekara uku zai yi tsere. Haka mai neman 'yan wasa yake zama a gefen fili da littafi da alƙalami. Yana rubuta tsawon yaro, da saurinsa, da yawan jifar da ya yi da wadda ta shiga. Yana duba halinsa: in an ci su, yana zargin 'yan'uwansa ko yana ƙara himma? Yana jin maganar mai horarwa? Sa'an nan ya rubuta rahoto ya aika wa shugabanni. A kan rahoton nan za a kashe kuɗi masu yawa, don haka dole ya zama gaskiya.

Cikin 2002 Masai ya raka wani yaro ɗan Nijeriya gwaji a ƙungiyar birnin Orlando. Mutanen ƙungiyar suka yi hira da shi, suka ga ya san abin da yake faɗa. Suka ba shi aikin neman 'yan wasa, amma ba albashi. Ya karɓa. Da kuɗin aljihunsa yake biyan jirgi da mota, yana kwana a ɗakunan abokai, yana zuwa gasa bayan gasa yana aiko da rahoto.

Wani zai ce wannan wauta ce, mutum mai shekara 32 yana aiki kyauta. Amma mu a nan Kano mun san irinta. Yaron da aka kai Kantin Kwari ko gareji koyon sana'a, shekara nawa yake yi ba albashi? Abin da yake tarawa shi ne sani da amana. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ba a daɗe ba, cikin 2003, ƙungiyar birnin Denver ta ɗauke shi da albashi. Ya yi musu shekara 4. Cikin 2007 ƙungiyar birnin Toronto ta ƙasar Kanada ta kira shi, ya shugabanci masu neman 'yan wasa a ƙasashen duniya. Shekara ɗaya bayan haka aka ɗaga shi ya zama mataimakin manaja.

6. Shugaban Ƙungiya

Cikin 2010 Denver ta sake kiransa, wannan karo a matsayin babban manaja. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a babbar gasar Amurka. Aikin manaja shi ne ya zaɓi 'yan wasa, ya ɗauki mai horarwa, ya yi ciniki da sauran ƙungiyoyi, ya kuma kula kada albashi ya wuce iyakar da dokar gasa ta yanka.

Yana zuwa ya tarar da matsala. Babban gwanin ƙungiyar, Carmelo Anthony, yana son ya tafi. Masai bai yi garaje ba. Ya yi ta ciniki wata da watanni, sai a Fabrairu 2011 ya sallama shi ga ƙungiyar birnin New York, ya karɓo 'yan wasa da dama a madadinsa. Mutane suka zaci ƙungiyar za ta durƙushe. Sai ga shi a kakar da ta ƙare cikin 2013 ta ci wasa 57 daga cikin 82. A wannan shekara aka zaɓe shi manajan da ya fi kowa a gasar.

Cikin 2013 ɗin Toronto ta komo da shi, da yarjejeniyar shekara 5 a kan dala miliyan 15. Mutumin da shekara 11 kafin nan yake aiki kyauta ke nan.

A Toronto ya yi amfani da sanin da ya yi wa Afirka. Cikin 2016 ya zaɓi wani saurayi ɗan Kamaru, Pascal Siakam, wanda sai da aka ɗauki mutum 26 kafin a zo kansa. Cikin 2017 ya kawo Serge Ibaka, ɗan Kwango, ya kuma zaɓi OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne.

Ƙungiyar ta yi ƙarfi, amma kowace shekara sai ta kusa kofi a fitar da ita. Cikin 2018 Masai ya yanke shawara mai nauyi. Ya sallami mai horarwa, ko da yake a wannan shekara aka zaɓe shi gwanin masu horarwa. Kāna ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da mutanen gari suke ƙauna, wanda ya yi musu shekara 9. Ya karɓo Kawhi Leonard, gwani ne ƙwarai, amma wasa 9 kaɗai ya buga a shekarar da ta wuce saboda ciwo, kuma saura shekara ɗaya yarjejeniyarsa ta ƙare. Mutane da yawa suka yi fushi. DeRozan kansa ya ji zafin abin, ya kuma faɗa a fili. Ku lura da wannan ma: a wannan sana'a ko gwani ne, ana iya musanya shi rana ɗaya ba da sonsa ba.

Ran 13 ga watan Yuni, 2019, Toronto ta doke ƙungiyar Golden State a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofi. Wannan ne karo na farko da kofin ya fita daga Amurka. Yaron da ya koyi jifa a filin Zariya, wanda bai sami buga ko wasa ɗaya a gasar ba, shi ya haɗa ƙungiyar da ta cinye ta.

Wata guda bayan haka Leonard ya bar Toronto. Shekarun da suka biyo baya ƙungiyar ta yi rauni. A watan Yuni 2025 masu ƙungiyar suka rabu da Masai, bayan shekara 12. Ashe kujerar shugaba ma a wannan sana'a ta aro ce.

7. Bai Manta Da Gida Ba

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masai bai bari ba. Tun cikin 2003, lokacin bai da kome, shi da abokinsa Godwin Owinje suka fara tara samari a Nijeriya suna koya musu wasa a lokacin hutu. Wannan aiki ya girma ya zama ƙungiyar da ake kira Giants of Africa, watau ƙattan Afirka. Ta kai ƙasashe da yawa, tana horar da yara maza da mata. Cikin 2021 ta yi alkawarin gina filayen wasa 100 a Afirka. Cikin 2025 kuma aka buɗe wani babban wurin wasanni da masauki da ya gina a Kigali, babban birnin Ruwanda. Sunan da ya sa masa shi ne Zaria Court, watau filin Zariya.

Daga cikin yaran da suke zuwa irin wannan horo, 'yan kaɗan ne ke zama 'yan wasa na sana'a. Wasu sukan sami karatu kyauta ta dalilin ƙwallo, su fito da ilmin da za su ci abinci da shi bayan sun ajiye ta.

A ƙasarmu ma wasan ya kafu. Ƙungiyar maza ta Nijeriya ta ci kofin Afirka cikin 2015 a Tunisiya. Ta mata kuwa ta ci sau 5 a jere, daga 2017 zuwa 2025. A nan Kano, sunan Kano Pillars ba na ƙwallon ƙafa kaɗai ba ne. Akwai ta ƙwallon kwando, wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Mai son ya ga yadda wasan yake, akwai zauren wasanni a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Cikin 2021 kuma aka fara wata sabuwar gasa ta ƙungiyoyin Afirka, don ɗan wasa ya sami abin yi ba sai ya ƙetare teku ba.

8. Me Za Mu Gaya Wa 'Ya'yanmu?

Yanzu mu koma kan uban nan da ɗansa ya ce a bar shi ya bi ƙwallo. Daga labarin nan mun ga abubuwa huɗu.

Na ɗaya, wasa sana'a ce ta gaske, ba shashanci ba. Tana ƙara lafiya, tana koya wa yaro bin doka da aiki tare da jama'a, tana kuma raba shi da zaman banza da miyagun abokai. Kada mu hana.

Na biyu, ƙofarta ƙarama ce, kwananta kuma gajere. Masai ya sami mai horarwa nagari, da iyaye masu hali, da makaranta a Amurka, duk da haka bai zama gwanin da ya so ya zama ba. Wasa ya ci da shi shekara 6. Abin da ya sani game da wasa ya ci da shi fiye da shekara 20. Saboda haka yaro ya riƙe ƙwallo da hannu ɗaya, ya riƙe karatu ko wata sana'a da ɗaya hannun. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a gefen fili akwai ayyuka da yawa. Mutum 10 ne a cikin fili, amma akwai mai horarwa, da alƙalin wasa, da mai rubuta maki, da mai duba lafiyar 'yan wasa, da mai neman sababbi, da manaja, da mai ba da labari a rediyo. Waɗannan suna tsufa a kan aikinsu.

Na huɗu, mu yi hattara da masu zuwa da daɗin baki, su ce a ba su kuɗi za su fitar da yaro waje ya yi wasa. Ƙungiyar gaske ita ke biyan ɗan wasa. Kada a sayar da gona ko fili don irin wannan alkawari. Kada kuma yaro ko ubansa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda sai an karanta ta sarai, an san shekara nawa ce, nawa ne albashi, wa zai biya magani in ya ji ciwo, wa kuma zai biya kuɗin komowa gida. In abin ya shige duhu, a tambayi masu horarwa da aka sani a gari, ko ofishin wasanni na jiha.

In ɗanka ya ce zai bi ƙwallo, ka ce masa, “Je ka yi, Allah ya ba da sa'a. Amma gaya mini, ranar da gwiwa ta gaji, me za ka ci?” In yana da amsa, to, ka sa masa albarka.

Tambayoyi

1. Wa ya ƙago wasan ƙwallon kwando, kuma a wace shekara?
2. A wane gari Masai Ujiri ya tashi? Shekararsa nawa ya fara wannan wasa?
3. Shekara nawa ya yi yana wasa a Turai?
4. Mene ne aikin mai neman 'yan wasa?
5. Me ya faru ran 13 ga watan Yuni, 2019?
6. Faɗi abubuwa uku da ya kamata a sani kafin a sa hannu a takardar yarjejeniya.

Lissafi

1. An haifi Masai cikin 1970. Shekararsa nawa cikin 2019?
2. Wata ƙungiya ta buga wasa 82, ta ci 57. Wasa nawa aka ci ta?
3. Wani ɗan wasa ya ci jifa 6 masu maki 2, da jifa 3 masu maki 3, da jifa 4 masu maki 1. Maki nawa ya tara duka?